Me ya sa saƙon likita ɗaya yake shiga feja biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a sashen sadarwa na wani asibiti a Ingila. Mun sauya wa wani likita feja, wato ƴar na'urar aljihu da ke karɓar gajerun saƙonni ta rediyo, muka jefa tsohuwar a durowa. Jiya da dare sai ga ta tana ƙara, saƙon da aka aika masa, har da sunan mara lafiya da lambar gadonsa, ya fito a kanta. Wanda ya kawo mana kayan ya ce ba zai yiwu ba, wai kowace feja da lambarta. Wallahi hankalina ya tashi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, hankalinka ya tashi a inda ya dace, kuma na'urarku lafiyarta ƙalau. Abin da aka saita ta a kai shi ta yi.

Lambobi uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai lambar da ke manne a bayan feja daga masana'anta, wannan kam tsarin aika saƙon bai ma san da ita ba. Akwai gajeriyar lambar da ma'aikata ke bugawa a waya, wadda iyakarta rumbun bayanan kwamfutarku. Daga can ake ɗauko ta uku, wato kafkod, lambar adireshin da feja ke saurare, kuma ita kaɗai ce ke fita a iska.

In POCSAG kuke amfani da shi, tsarin aika saƙon feja da ya fito daga hukumar gidan waya ta Birtaniya aka amince da shi a duniya a 1981, kafkod bit 21 ce (bit shi ne sifili ko ɗaya a lissafin kwamfuta), amma 18 kawai ake watsawa. Ragowar ukun su ke faɗa wa feja gurbin lokacin da za ta saurara cikin gurabe takwas. Ɗauki 1234567 ka raba da 8: za ka samu 154320, saura 7. To 154320 ake aikawa, a gurbi mai lamba 7, wato na ƙarshe, tunda daga sifili ake fara ƙirgawa. A sauran guraben feja barci take yi, shi ya sa batirinta ke daɗewa. Sai kuma bit biyu na aiki, masu zaɓar kalar ƙara ko irin saƙo. In ba su dace da saitin feja ba, za ta iya yin shiru ko ta nuna shirme.

Yanzu maganar wannan mai kaya, wadda na gaji da jin ta. Wai kafkod makulli ce, wai saƙo na mai shi ne kaɗai. Ba gaskiya ba ne, kuma mai faɗin haka ko dai bai san aikin ba ko ciniki kawai yake nema. Turken watsawa kamar mai shela ne a kasuwa: ya kira suna, ya faɗi saƙo, duk mai kunne ya ji. Feja ita ce ke duba ko kafkod ɗin da ta ji tana cikin waɗanda aka rubuta mata. In feja goma ke ɗauke da kafkod ɗaya, duk goman za su yi ƙara. Da gangan aka tsara haka, da shi ake kiran tawagar gaggawa lokaci guda idan zuciyar wani ta tsaya. Abin da ya faru a wurinku, an kwafe kafkod ɗin likitan zuwa sabuwa, ba a goge ta daga tsohuwa ba.

Kuma abin bai tsaya a durowarku ba. POCSAG da FLEX, wani tsarin feja na kamfanin Motorola, a yadda aka ƙera su, ba sa ɓoye saƙo. Mutum da ƴar na'urar rediyo mai araha da ake maƙala wa kwamfuta zai iya karanta duk abin da ke wucewa a zangon, ko da bai san kafkod ko ɗaya ba. Sirrin mara lafiya amana ne a wuyanku, ta yaya za a sake shi a iska don wani ya ce "ai lambar daban ce"? Sannan feja mai hanya ɗaya ba ta mayar da amsa. Idan allo ya nuna "an aika", turke ya watsa ke nan, bai san wanda ya karɓa ba. A 2019 gwamnatin Birtaniya ta umarci asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, su daina amfani da feja a ayyukan da ba na gaggawa ba kafin ƙarshen 2021, amma tunda har yanzu kuna riƙe da ita, nauyin na kanku.

Yau ɗin nan ka cire batirin tsohuwar, ka ɗora ta a kan na'urar saiti ka goge kafkod ɗinta. Ka binciki duk fejojin da aka ajiye ko suka ɓace, wadda ba a gano ba a sauya wa mai ita kafkod gaba ɗaya. Ka kai rahoton abin da ya faru ga jami'in kare bayanai na asibitinku a rubuce, kada ka ɓoye don gudun faɗa. Kuma har sai kun samu fejoji masu ɓoye saƙo, a daina sa sunan mara lafiya, lambar waya ta cikin gida da likita zai kira ta isa.