Ɗiyata na son zanen gine-gine da tsara birni, ina za ta dosa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata na ajin ƙarshe na lise, burinta ta zama mai zanen gine-gine, ta kuma koyar da tsara birane a jami'a. Wace hanya za ta bi? Daga wani uba a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi mata albarka. Da farko ta samu bakaloriya mai ƙarfi a lissafi, kamar ta ɓangaren kimiyya C ko D, ko ta ɓangaren gini F4, sannan ta riƙa zane da hannu kullum, don jarrabawar shiga ba ta ƙyale mai raunin fensir. Makarantar da ta fi suna ita ce EAMAU, makarantar Afirka ta koyon zanen gini da tsara birane da ke Lome a Togo, wadda Kamaru da Chadi ke cikin ƙasashen da suka mallake ta. A gida akwai sashen zanen gini a makarantar fasaha ta Fumban, ƙarƙashin Jami'ar Dschang. Lisans shekara 3 ne, masta shekara 2. Kada ta tsaya a lisans. Bayan masta sai rajista da ONAC, ƙungiyar masu zanen gini ta ƙasa, kafin ta sa hannu a kan zane.

Koyarwa kuwa sai da digirin dokta, aƙalla shekara 3, daga nan ta hau matakai huɗu, daga mataimakiyar malami zuwa farfesa, bisa yawan binciken da ta wallafa.

Shawararmu, kada ta zarce dokta kai tsaye. Ta fara yin aiki a ofishin zane da wurin gini. A can za ta ga yadda ƙasar karal, wato ƙasa mai laka, ke kumbura da damina ta tsage da rani har ta fasa bangon da harsashinsa bai yi zurfi ba, da yadda filayen da aka yanka a bakin kogin Mayo Kaliyawo a Marwa ke shan ambaliya. Ta san dalilin fuskantar da tagogi kudu da arewa a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Ta kuma laƙanci dokar tsara birane ta 2004.

In tana neman abin koyi, ga Mariam Issoufou 'yar Nijar, wadda ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu na Dandaji da tubalin ƙasa, ta kuma zama farfesa a Zurich ta ƙasar Switzerland.