Ya iya ƙirga har 50, amma antinsu ta ce ba ya ganewa

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce daga Mabera, nan cikin Sakkwato. Ɗana na biyu shekararshi huɗu da wata biyar, shina nazare aji biyu. Ya iya ƙirga har 50 da Turanci, ya iya waƙar ABC daga farko har ƙarshe, amma in anka nuna mishi harafi guda anka ce mi ne ne wanga, sai ya yi shiru. Aikin gida da ake ba su, rubuta 1 zuwa 20, kullum da kuka muke gama shi, wani lokaci ni ke kama hannunshi in rubuta. Antinsu ta rubuto cewa ba ya ganewa, ya zo na 19 cikin 24. Babanshi ya ce a ɗauko mai lesin, kuma mu bar yi mishi Hausa a gida don Turanci ya zauna. Yanzu da safe in anka ɗauko yunifom sai ya ce cikinshi na ciwo. Da la'asar kuma shina zuwa Islamiyya. Ƙwaƙwalwarshi ce ba ta ja, ko mi ya kamata mu yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya mana shi, Ya yi masa albarka. Ki kwantar da hankalinki, a duk abin da kika lissafa ban ga alamar raunin ƙwaƙwalwa ba. Abin da na gani shi ne ɗan shekara huɗu da aka ɗora wa kayan ɗan shekara shida. Abin da ya tsaya mini a rai ma ba na 19 ɗin ba ne, ciwon cikin nan ne na safe, kuma zan zo kansa.

Mu fara da ƙirgan. Yau da dare, bayan ya ci ya ƙoshi, ki zuba dabino kamar 15 a faifai, ki zauna kusa da shi kamar wasa, ki ce, "Ba ni guda biyu in ci." In ya ba ki, ki mayar, ki ce uku, sannan biyar, sannan shida. Kada ki gyara masa, kada fuskarki ta nuna komai. Hannunsa kawai za ki kalla. Akwai lambar da zai kai, daga ita sai ya daina ɗauka ɗaya-ɗaya, ya dumbuzo kawai ya miƙo miki. Nan ne iyakar lissafinsa na gaskiya a yau, ko da bakinsa na kaiwa 50. Ki gwada da Hausa, gobe ki gwada da Turanci, ki ga wanne ya fi nisa.

Ba ni na ƙirƙiro wannan gwaji ba. Wata masaniyar tunanin yara a Amurka, Karen Wynn, ta yi irinsa da yara 'yan shekara biyu zuwa uku da 'yan watanni, ta fitar da sakamakon a 1990 da 1992. Ta tarar yaro kan jero lambobi da baki tun bai san ma'anarsu ba. Da farko "ɗaya" kaɗai ya sani, duk abin da ya wuce nan dumbuzowa yake yi. Sai bayan watanni ya kama "biyu", sannan "uku", har wata rana abin ya buɗe masa, ya gane cewa lambar da ya tsaya a kai wajen ƙirga ita ce yawan abin. Tsakanin fara jerowa da wannan ganewar akan ɗauki kamar shekara guda. Waɗancan kuwa yara ne masu ƙirga da harshen gidansu. Naki ana so ya yi da harshen da yake ji 'yan awoyi kaɗan a rana.

Na taɓa shiga wani ajin nazare a cikin garin nan, lokacin da muke zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Yara na ƙirga da ƙarfi har 100, muryarsu na fita har bakin titi. Na kira yarinyar da ke ja musu baki, mai kaifin gaske, na jera mata marafan kwalba bakwai a benci na ce ta ƙirga. Ta fara taɓawa tana faɗa, sai bakin ya tsere wa yatsan, ta ƙare a 11. Na ce, to guda nawa ne ke nan? Sai ta sake farawa daga farko. Ita ce ta ɗaya a ajin. Ba ta da laifi, ba a taɓa sa mata abu a hannu ta ƙirga ba. Waƙar ABC ma haka take: waƙa ce, kunne ya kama, baki ya maimaita. Gane siffar harafi da sautin da yake bayarwa wani aiki ne daban, kuma yawancin yara sai tsakanin shekara biyar da bakwai yake zauna musu.

Kada ki ɗauka ina raina hadda. Mu da muka tashi da allo mun san darajarta. Amma ki tuna yadda makarantar allo ke tafiyar da ƙaramin yaro. Yana zuwa ya zauna ya ji, ya kama Fatiha da ƙananan surori da ka, sannan a shiga babbaƙu, sannan farfaru, kuma duk tsawon wannan lokaci malam ne ko wani babban almajiri ke rubuta masa allo. Ba a miƙa masa alƙalami da tawada sai hannunsa ya ƙosa. Malaman nan sun san kunne da baki suna riga hannu nuna.

Likitocin yara ma abin da suke aunawa ke nan. Yaro kan iya kwaikwayon zana da'ira wajen shekara uku, layi biyu masu gicciye wajen huɗu, mai kusurwa huɗu daga huɗu da rabi, mai kusurwa uku sai wajen biyar, domin layin da ya karkata ya fi wuyar sarrafawa. Yanzu ki dubi 4 da 7, ki dubi A da K. Duk karkatattun layuka ne. Kukan da yake yi wajen aikin gida ba ƙiwuya ba ce, yatsun ne ba su kai ba. Ki daina kama hannunsa kina rubutawa, don hakan na sa anti ta zaci ya iya, ta ƙara masa wani. Ki bar shi ya yi zane da yatsa a rairayi, da gawayi a ƙasa, ya murza laka ya yi shanu, ya ɓare gyaɗa, ya tsince wake, ya yi carafke da yayyensa. Su ne ke gina yatsun da za su riƙe fensir. In kuma kin ga yana juya 3 ko b baya-baya, wannan abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai. A Finlan, ƙasar da ake buga misali da makarantunta, sai yaro ya shekara bakwai yake shiga aji ɗaya.

Sai maganar barin Hausa. Na san baban nasa alheri yake nufi, yana hango jarrabawa da neman aiki, kuma gaskiya ne yaron zai buƙaci Turanci. Amma ina roƙonku da babbar murya kada ku yi wannan.

An gwada abin a ƙasar nan, ba a wata ƙasa ba. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa, wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya jagoranci wani bincike a Jami'ar Ife. Aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci na matsayin darasi guda, aka kwatanta su da waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar firamare. Waɗanda suka yi karatu da harshensu ba a bar su a baya ba a Turanci, a sauran darussa kuma sun fi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, wato gane cewa waɗannan zane-zanen magana ce aka ajiye a takarda. Yaro ya fi saurin gane haka da maganar da ya riga ya sani. Hausar boko kuma tana da sauƙin da Turanci ba shi da shi: ba, bi, bu, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Ya haɗa "ra" da "go" ya ji rago ya fito, ya yi dariya don ya san rago. A Turanci harafin C kaɗai wani wuri ya fita kamar k, wani wuri kamar s.

A nan Sakkwato da Bauchi, a 2011 da 2013, an auna karatun yaran ƙananan azuzuwan firamare ɗaya bayan ɗaya, da tallafin hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID. Mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma guda ba a ɗan labarin Hausa da aka ba su, da yawa ba su san sautin haruffa ba. Yara ne da suka shekara biyu ko uku suna amsa wa malami da ƙarfi. Bayan haka ne aka shigo da shirin Mu Karanta a jihohin biyu, mai fara wa yaro da sautin harafi da gaɓa a Hausa kafin a ɗora Turanci. Ina kawo miki wannan ne don ki ga cewa amsa-amo na iya ɓoye rashin iya karatu shekara da shekaru, kuma mai lesin da zai zo ya ƙara masa wata awar ta amsa-amo ba abin da zai gyara.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. In kuka ce Turanci kawai a gida, hirarku da shi za ta ƙanƙance ta koma zo, zauna, bari, ci abinci. Kakarsa ta yi shiru ke nan, tatsuniya ta mutu. A 2018 masu bincike a jami'o'in MIT da Harvard na Amurka sun sa wa yara 36 'yan shekara huɗu zuwa shida na'urar ɗaukar magana a gidajensu, sannan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. Abin da ya fi tafiya tare da ƙarfin harshen yaro da motsin sashen magana na ƙwaƙwalwarsa shi ne yawan musayar zance, ya faɗa a amsa masa, a tambaye shi ya ba da amsa, fiye da yawan kalmomin da aka zuba masa. Wannan musayar da harshen da ya fi zama a bakinki za ki iya ta. Harshe biyu kuwa ba ya rikita yaro. Ga 'ya'yan Fulani da Zabarmawa nan muna tare da su, sun tashi da biyu, wasu da uku.

Saboda haka lesin ɗin da nake so ki yi masa ba ya cin ko kwabo. In kin dawo daga Kasuwar Daji, shi zai ƙirga miki albasa, ya ware manya da ƙanana. In za a ci abinci, ki ce mu nawa ne, cokali nawa za ka ɗauko? Da dare a yi Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya ki ce, kai a ganinka me Gizo zai yi? Gobe shi zai ba ki labarin. Ku yi kacici-kacici, ku yi "da kwaɗo da ƙato", ku yi gasar kawo kalmomin da suka fara da "ma": masa, mangwaro, Mama. Wannan wasan na ƙarshe shi ne ƙofar karatu, domin yana koya wa kunne tsinke kalma gaɓa-gaɓa. Harafin farko da za ki nuna masa ya zama na farkon sunansa, ku riƙa farautarsa a allunan shaguna in kuna bisa hanya.

Yanzu ciwon ciki. Kada ki ce ƙarya yake, tsoro kan sauka a cikin yaro da gaske. Ki lura ko yana yinsa ranar Asabar da Lahadi. In ba ya yi, to akwai abin da yake gudu a makaranta. Kada ki tsare shi da tambaya. Ki ba shi 'yar tsana ko ƙaninsa, ki ce ya zama anti ya koyar, ki koma gefe ki saurara. Abin da ake yi masa a aji zai fito a bakinsa da hannunsa. In akwai duka da rula a yatsu ko kiran sa daƙiƙi a gaban yara, ku je ke da babansa ku ga shugaban makarantar cikin mutunci, ku ce ba ku yarda ba. Yaron da ke jin tsoro hankalinsa na kan fuskar malama, ba ya kan allo. In ba a daina ba, ku sauya masa makaranta, wannan ya fi lesin amfani.

Jera 'yan nazare daga na ɗaya zuwa na 24 kuwa abu ne da nake fata makarantunmu su bari. A aji guda akan sami wanda ya girmi wani da wata 11, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rayuwar ɗan shekara huɗu ke nan. Sau da yawa takardar ba ta auna komai sai ranar haihuwa.

Ki duba yininsa ma. Nazare da safe, Islamiyya da la'asar, aikin gida da dare, ga zafin Sakkwato. In aka ƙara lesin, yaushe zai yi wasa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa guda. Ki tabbatar ya karya kumallo kafin ya fita, ya ɗan kwanta bayan azahar.

Akwai abubuwan da in kin gan su ba za ki jira ba. In baƙo ba ya gane yawancin maganarsa ta Hausa, ko ba ya haɗa jimla mai kalma huɗu, ko sai an ɗaga murya yake juyowa, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko yana matso da abu dab da ido, ko ya manta abin da ya riga ya iya, ko ciwon cikin na zuwa har ranar hutu da zazzaɓi ko rama, to ku kai shi wurin likitan yara, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wanda ya fi kusa da ku, a duba ji da gani da jini. Yara da yawa da aka yi wa tambarin rashin ganewa ba sa jin malama ne sosai, ko jininsu ya yi ƙasa.

Antin tasa kuma kada ki je mata da faɗa, ita ma abin da iyaye ke nema a gani a littafi take bi. Ki roƙe ta ta rage masa aikin zuwa lamba biyu ko uku, ki gaya mata abin da kuke yi a gida. In kin yi gwajin dabinon, a yi shi gaban babansa ya gani da idonsa, sannan ki rubuto mini lambar da ya tsaya a kai da Hausa da wadda ya tsaya da Turanci, da abin da kika ji ya faɗa ranar da ya zama anti.