Kung fu zai iya kare ni idan aka tare ni a hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 24, da dare nake tashi daga aiki, kuma masu ƙwacen waya sun addabi unguwarmu. Ina so in fara koyon kung fu. Da gaske yana kare mutum, ko a fim kawai yake aiki? Kuma wace falsafa ce a cikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Yana karewa, amma ya danganta da yadda aka koyar da kai.

A harshen Sin, kalmar kung fu ba faɗa take nufi ba. Ƙwarewa ce da aka samu da wahala da daɗewa, har gwanin girki ana iya cewa yana da ita. Masu fannin suna da abin da suke kira wude, wato ladabin mai ƙarfi: haƙuri, girmama malami, kame kai da ƙin fara tsokana. Haikalin Shaolin da ya shahara da kung fu, da ke lardin Henan na ƙasar Sin, wanda aka gina a shekarar 495, wurin ibadar mabiya Buddha ne tun asali, sunansa a fagen faɗa daga baya ya fito.

Horon iri biyu ne. Akwai taolu, jerin motsin da ake haddacewa a yi shi kai kaɗai. Yana gina ƙafa, numfashi da daidaiton jiki, amma ba ya koya maka abin da za ka yi idan naushi ya sauka a hancinka. Akwai kuma sanda, inda ake sa safar dambe a gwabza da abokin horo, da naushi da shuri da kayarwa. A 2017 a birnin Chengdu, Xu Xiaodong, mai gaurayayyen salon faɗa, ya kayar da Wei Lei, malamin tai chi (wani salon kung fu da ya fi karkata ga taolu), cikin ƙasa da rabin minti. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, je ka kalli darasi ɗaya. In ba ka ga ɗalibai suna karawa da wanda ke turjewa da gaske ba, wurin motsa jiki ne kawai. Wanda ya taɓa kokawa zai gane wannan da wuri, don ba a koyon kayarwa da iska.

Tushen komai tsayuwar doki ce, ma bu. Ka ware ƙafafu kamar ninki biyu na faɗin kafaɗarka, yatsun ƙafa na kallon gaba, ka sauka kamar za ka zauna a kujera, baya a miƙe. Fara da daƙiƙa 30 sau uku, kana ƙarawa kaɗan kaɗan duk mako. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin gwiwa ta faɗa ciki, nauyi ya koma kan jijiyoyinta, bayan 'yan makonni ciwo ya taso. Gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa koyaushe.

Wajen naushi, babban yatsa a waje yake kwanciya, wuyan hannu a miƙe. In ya lanƙwashe zai gurɗe, in kuma bugun ya sauka ta gefen ƙaramin yatsa da ƙarfi, ƙashin bayan hannu na iya karyewa. Salon wing chun, wanda malamin kung fu Ip Man ya yaɗa a Hong Kong, yana koyar da tsare tsakiyar jiki, daga hanci zuwa maƙogwaro zuwa ciki, gwiwar hannu a kusa da haƙarƙari. Yana da amfani a lungu mai matsi. Horo sau uku a mako, awa ɗaya ɗaya, ya ishi mai farawa.

Batun masu ƙwace kuma, ina roƙonka ka ji wannan da kyau. Yawanci ba su zuwa su kaɗai, kuma da makami suke. Ƙwace wuƙa da ake nunawa a aji da abokin da ya ba da haɗin kai ake yi. A titi, ko gwani yankarsa ake yi. Abin da horo zai ba ka a nan shi ne ido mai lura, natsuwa lokacin tsoro, da ƙarfin ture mutum ka samu hanyar gudu. Kada ka riƙa duba waya kana tafiya, ka bi hanya mai haske da jama'a. In an zare maka wuƙa, miƙa wayar, ka ja da baya, ka nufi inda mutane suke.