Kamfani Yana Faɗuwa, Hannun Jarinsa Yana Tsada: Ina Dalili?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da shadda da atamfa. Ƙanena ya nuna mini wata manhaja da ake sayen hannun jarin kamfanonin intanet na Amurka da ita, sai na ga wani kamfani da rahotonsa ya nuna faɗuwa yake yi kowace shekara, amma an ƙiyasta darajarsa da biliyoyin daloli. A wurinmu wanda ba ya cin riba rufe shago yake yi. Abin ya ɗaure mini kai. Shin in zuba kuɗina?
Daga mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Lissafinka na Kwari daidai yake, kada ka raina shi. Sai dai masu sayen irin wannan hannun jari ba ribar bana suke biya wa kuɗi ba, ribar da suke tsammani nan da shekara goma ce.

Ka san yadda fuloti yake a bayan gari idan aka fara raɗe-raɗin gwamnati za ta fitar da titi ta wurin. Filin bai ba kowa hayar sisi ba, amma dillalai suna ta kai-komo, kuɗinsa yana ninkawa, kuma da yawa daga cikin masu saye ba gini ne a ransu ba, jira suke wani ya zo ya ɗora musu riba. Idan titin ya zo, na farko sun ci. Idan ya bi ta wani wuri, wanda ya saya a ƙarshe shi zai kwana a ciki. Titin kamfanin intanet shi ne fatan cewa miliyoyin masu amfani da shi za su zama masu biyansa kuɗi wata rana.

An taɓa ganin ƙarshen irin wannan guguwa. Ranar 10 ga Maris, 2000, ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka, inda kamfanonin fasaha da yawa suke, ya kai maki 5,048, amma zuwa Oktoban 2002 ya zube da kusan kashi 78 cikin ɗari. Kamfanin Pets.com, mai sayar da abincin karnuka da kyanwoyi ta intanet, ya shiga kasuwar hannun jari a Fabrairun 2000, ya rufe a Nuwamban shekarar. Abin da ya fi kamata ka lura da shi shi ne Amazon, mai sayar da kaya ta intanet: kamfani ne na gaske wanda ya rayu ya bunƙasa, duk da haka hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari a wannan lokacin, kuma sai a 2003 ya fara kammala shekara da riba. Wanda ya saya da tsada, buƙata ta tilasta masa sayarwa a 2001, nagartar kamfanin ba ta cece shi ba. Mu ma nan gida mun ɗanɗana a 2008, lokacin da mutane suka ci bashin banki suka sayi hannun jarin bankuna, kasuwa ta rushe, bashin ya rage a wuyansu.

Ra'ayina shi ne kada ka taɓa jarin shagonka, balle bashi. Idan kana da rarar da za ka iya mantawa da ita shekara biyar, to ka fara tambayar kamfanin abin da za ka tambayi yaron shago: nawa ne ciniki, nawa aka kashe, faɗuwar tana raguwa ko ƙaruwa take, kuma kuɗin da ke hannu zai kai wata nawa? Ka tuna da dala za ka saya, canji zai iya ƙara maka ko ya rage. Kafin ka tura ko naira ɗaya, ka tabbatar masu manhajar suna da rajista da hukumar SEC ta Nijeriya, mai kula da kasuwar hannun jari, sannan ka nemi fatawar malami a kan irin sana'ar da kamfanin yake yi.