Filin Tambayoyin Mota: Na Ɗaga Hilux Ɗina, Yanzu Bayanta Yana Rawa Yana Karkacewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Hilux mai jan taya huɗu, ƙirar 2008, wadda nake shiga da ita gonata a bayan Epe, inda hanya take zama yashi da rani, taɓo da damina. Da yake cikinta yana yawan gogar ƙasa, sai na sa aka ɗaga ta. A baya an cusa bulon ƙarfe mai kaurin inci uku tsakanin sifirin da aksil, an saka shakul mai tsawo, wato ƙarfen da yake haɗa ƙarshen sifirin da shasi, na kuma ƙara girman taya. Tun daga lokacin, idan na tashe ta daga tsaye sai ta yi karkarwa, idan ta shiga yashi sai tayoyin baya su riƙa tsalle da ƙara kamar ana buga guduma, kuma kwanan nan ɗana da ya biyo ni a baya a kan gadar Third Mainland ya ce motar tana tafiya a kaikaice. An canza shokozoba sau biyu ba a ga sauƙi ba. Yanzu an ba ni shawarar in ƙara falle ɗaya a kowane sifirin. Mene ne abin yi?
Alhaji, daga Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka sake nufar kasuwar Ladipo neman kaya, ina roƙonka ka dakata, domin babu ɗaya daga cikin alamun nan uku da yake nuna laifin shokozoba, kuma ƙarin falle ba zai warkar da abin da ya fi hatsari a cikinsu ba. Sifirin mai falle-falle ba ɗaukar nauyi kaɗai yake yi ba; shi ne yake riƙe aksil na baya a mazauninsa, ya hana shi zamewa gaba ko baya, ya kuma hana shi murɗewa lokacin da injin ya turo ƙarfi. Duk wanda ya sa wani abu tsakaninsa da aksil ya taɓa waɗannan ayyuka duka a lokaci guda.

Zan fara da tafiya a kaikaice, domin ita ce ba ta jira. A tsakiyar kowane sifirin akwai kusa guda da take haɗe fallayen wuri ɗaya, kanta kuma yana zama a cikin wani ɗan rami a kan aksil, ko a kan bulon da aka saka maka. Kusoshi masu lanƙwasa da suke rungume aksil, waɗanda ake kira yu-bol, su ne suke matse komai. Idan suka yi sako-sako, duk dukan da hanya take yi sai ya koma kan wannan kusa ta tsakiya har ta gutsure, gefe ɗaya na aksil ya zame baya, motar ta fara tafiyar ƙaguwa. Gwajin ba ya buƙatar komai sai tef na awo. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyin gaba a miƙe, a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar tayar baya a dama, a sake aunawa a hagu. Idan awon biyu ya bambanta a fili, to aksil ya goce. A duba kuma gefen bulon da inda yu-bol ya taɓa ƙarfe: wurin da ya yi ƙyalli, ko jan garin tsatsa da yake fitowa daga tsakanin ƙarafa, shaida ce cewa abin yana motsi. Idan aka ga haka, kada motar ta sake hawa babbar hanya da lodi sai an gyara. A sa sabuwar kusar tsakiya da sababbin yu-bol masu tsawon da ya dace, domin tsohon yu-bol ya riga ya miƙe a ɗaurin farko, ba ya sake riƙewa kamar da. A ɗaure su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan noti zuwa na kusurwarsa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a sake duba su bayan tafiyar farko, sannan bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Wannan sake ɗaurin shi ne abin da aka fi mantawa da shi a garejinmu, kuma sau da yawa daga nan ɓarnar take farawa.

Tsallen da take yi a yashi kuwa aikin bulon ne kai tsaye. Lokacin da taya take tura ƙasa, aksil yana ƙoƙarin juyawa ta ɗaya ɓangaren, sai ya lanƙwasa sifirin; da taya ta suɓuce sai sifirin ya sake shi da ƙarfi, taya ta daki ƙasa, abin ya sake maimaituwa. Bulo mai inci uku ya nesanta aksil daga sifirin, ya zama kamar an ƙara wa sifana doguwar mariƙa, sannan babbar taya ta ƙara masa ƙarfin murɗa. Wannan murɗawar ce take gajiyar da babban fallen har ya kwanta ko ya tsage kusa da tsakiya, tana kuma cin kuros, wato gaɓar da take bakin farfela, doguwar sandar da take kai ƙarfin injin zuwa aksil. Ra'ayina a nan a fili yake: ga motar da take shiga yashin Epe da Ibeju da kaya a bayanta, bulo mai wannan kauri bai dace ba. Abin da ya fi shi ne a cire shi, a sa cikakken sifirin da aka ƙera da lanƙwasar da za ta ba da tsayin da kanta. Inci biyu, wato kimanin santimita biyar, yana isar yawancin masu irin hanyarka, kuma a tuna cewa abin da yake ɗaga ƙwaryar aksil, wato kumburin da yake tsakiyarsa, daga ƙasa girman taya ne kaɗai, ba sifirin ko bulo ba. Idan kuɗi bai kai ba a yanzu, ƙarin falle tare da cire bulon ya fi ƙarin falle a bar bulon, sai dai bayan motar zai yi tauri idan babu lodi. Ɗora bulo a kan bulo kuwa kada ka yarda da shi ko da wasa.

Karkarwar tashi daga tsaye ta farfela ce. Da aka ɗaga jikin motar, farfela ta ƙara gangara, kuma shakul mai tsawo yana juya hancin aksil, wato inda farfela take haɗuwa da shi, sama kaɗan, alhali ribarsa ba ta da yawa: ƙarin inci biyu a shakul ɗagawar kusan inci ɗaya kawai yake bayarwa. Kuros yana aiki lafiya ne idan kusurwar da yake juyawa a kai ƙarama ce, wajen digiri uku ko ƙasa da haka, kuma ta gaba da ta baya sun yi kusan daidai don su soke wa juna girgiza. Ana iya auna wannan da manhajar auna kusurwa ta waya. Idan farfelar motarka mai gaɓa biyu ce da boris a tsakiya, kamar yadda take a yawancin masu ƙofa huɗu, sauke mazaunin boris ɗin da 'yar shimfiɗar ƙarfe yakan rage karkarwar sosai, wani lokaci kuma sai an sa siririn ƙarfe mai gangara a ƙarƙashin sifirin don a daidaita hancin aksil. A girgiza kuros ɗin da hannu tukuna. Idan yana da wasa, ya riga ya ci, sai canji.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan iya wuce shi ba, wato burki. Yawancin Hilux na wancan zamani, musamman marasa ABS, wato na'urar da take hana taya ƙamewa idan an taka burki, suna da wani bawul a baya da yake haɗe da aksil ta wani siririn ƙarfe, aikinsa ya gane nauyin kaya ya ƙara ko ya rage ƙarfin burkin baya. Da aka ɗaga motar, bawul ɗin yana ɗauka kullum babu kaya, sai ya rage wa tayoyin baya burki ko da ka cika ta da buhuna. Maganinsa a ɗaga mahaɗin ƙarfen daidai da tsayin da aka ƙara. Bayan haka a ɗaga motar ta shasi, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe masu ƙwari, ba jak kaɗai ba, a bar aksil ya sauka iyakarsa, a ga ko tiyon burki da wayar burkin hannu sun ɗame. A nan ne kuma za a gane ko shokozoban da aka saka maka gajeru ne, domin idan irin tsawon asali aka sayo sau biyun nan, su ne suke tsayar da aksil kafin sifirin ya gama buɗewa, shi ya sa ba sa daɗewa.

Idan an gama haɗawa, kada a ɗaure kusoshin bushin, wato robar da take cikin idon da yake ƙarshen sifirin, da na shakul motar tana rataye. A sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, a ɗan girgiza ta, sannan a ɗaure. In ba haka ba robar bushin za ta zauna a murɗe ta yage cikin ɗan lokaci.

TAMBAYA: Malam, Land Cruiser ɗina mai sifirin a baya ta fara kuka tun da na ratsa ambaliya a Lekki, kuma na ga falle ɗaya ya tsage. An ce in zuba baƙin mai, in kai wa mai walda fallen.
Wani direba, daga Idi-Araba.

AMSA: Ɗan'uwa, duka biyun ka bar su. Baƙin mai yana tara yashi ya zama kamar sanfefa a tsakanin fallaye, yana kuma lalata robar bushin. Ruwan Legas da iskarta mai gishiri suna sa tsatsa ta shiga tsakanin fallayen, saboda haka a wanke su da ruwa mai ƙarfi bayan kowace ambaliya, a duba 'yan robobin da suke tsakanin bakunan fallayen, a canza waɗanda suka cinye ko suka faɗi. Ƙarfen sifirin kuwa an gasa shi ne a kan ƙa'ida, zafin walda yana kashe wannan gashin, sai ya sake karyewa a gefen ɗinkin, galibi lokacin da motar take ɗauke da kaya. A canza fallen, idan kuma babban fallen ne mai ido ko sifirin ya riga ya kwanta, a canza na dama da na hagu tare don motar ta zauna daidai.