Tambaya da Amsa: Shin Ta'aziyya ta Waya Ta Wadatar?

TAMBAYA: Malama, assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a Abuja, amma asalina 'yar Funtua ce. Makonni shida da suka wuce mijin gwaggona ya rasu, aka sanar a zauren WhatsApp na danginmu. Nan take na rubuta addu'a a zauren, washegari kuma na tura mata saƙon murya na kusan minti biyu, na kuma ga alamar an saurara. Yanzu mahaifiyata ta shaida mini cewa gwaggo tana faɗin ban yi mata gaisuwa ba, har ta ce ashe goyon da ta yi mini ya tashi a banza. Ga tsadar mota, ga halin hanya, ga aiki. Shin laifi na yi?
Daga wata mai karatu, Abuja.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba gwaggo haƙurin rashi. Ba zan ce ki aikata zunubi ba, domin kin yi wa mamaci addu'a, kuma addu'a tana isa daga ko'ina aka yi ta. Amma idan tambayarki ita ce ko kin sauke haƙƙin matar da ta goya ki, to, gaskiya da sauran aiki a gabanki.

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a shekarar 2001, labarin rasuwa yakan iso mu ta sanarwar gidan rediyo, ko ta wasiƙar da aka damƙa wa direba a tasha, ko kuma a tashi mutum takanas. Wanda labari ya riska ba shi da wata hanya face ya ɗaura niyya ya kama hanya. Ko bayan zuwan wayar, a lokacin da layi kaɗai yakan kai naira dubu 20, minti ɗaya kuma naira 50, wanda ya kira ki ya yi miki gaisuwa kin san ya taɓa aljihunsa. Yau saƙo ya kusa zama kyauta, kuma a nan saɓaninki da gwaggo yake: ke kina lissafin kalmomin da kika faɗa, ita kuwa tana lissafin ɗawainiyar da aka yi dominta, wato wanda ya baro aikinsa, ya sha ƙurar hanya, ya cire takalmi a ƙofar ɗakinta, ya zauna a tabarma ya ce, "Gwaggo, ya haƙuri?"

Ki kuma duba yadda zaurukan nan suke. Da zarar an yi sanarwa, sai saƙonni arba'in ko hamsin su jeru da kalmomi iri ɗaya, wasu ma hoton addu'a kawai suke mannawa ba tare da sun rubuta ko harafi ba, kafin magariba kuma wata ta sako tallar atamfa ko katin biki a ƙarƙashinsu. Ni kaina na taɓa ganin haka a zauren danginmu, kuma ban ji daɗin yadda yatsana ya wuce sanarwar da sauri ba. Alamar shuɗin nan ta WhatsApp da kika dogara da ita, abin da take nunawa shi ne an buɗe saƙo a kan wayar, ba ta faɗin wanda ya buɗe. A gidan makoki wayar mai takaba takan kasance a hannun 'ya ko jika, don haka mai yiwuwa ne wani yaro ya danna muryarki a tsakar gida, ana hayaniyar ɗora tukunya, gwaggo ba ta ma ji ba.

Ban raina uzurinki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya wuce yadda muka sani, hanyar Abuja zuwa Kaduna kuwa ba sai an yi wa kowa bayani ba. Sai dai akwai tazara mai faɗi tsakanin zuwa da ƙafa da tura saƙo, kuma a tsakiyarta akwai kira kai tsaye, inda za ta ji muryarki, ki ji tata, ta yi kuka ki yi shiru ki saurara. Wannan shi ne matakin da kika tsallake.

Lokaci bai ƙure ba. Malamai da dama da suka taƙaita ta'aziyya a kwana uku sun yi rangwame ga wanda ba ya gari, takaba kuma wata huɗu da kwana goma ce, ke nan gwaggo tana nan a ɗakinta har kusan wata uku masu zuwa. Yanzu ma ta fi bukatar baƙo, domin an yi sadakar arba'in, jama'a sun watse, gida ya yi shiru. Ki kira ta yau ki ba ta haƙuri, sannan ki nemi ƙarshen mako ki hau jirgin ƙasa daga tashar Idu a Abuja zuwa tashar Rigasa a Kaduna, ki ƙarasa Funtua a mota. Ki biya ki ɗauki mahaifiyarki ku shiga tare, ki riƙa ɗan abin da ya sawwaƙa, ko sabulu da sukari ne. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ciro waya ki nuna mata saƙon a matsayin hujja. Ki bar ta a jaka har ku fito.

TAMBAYA: Malama, abokina ya rasu a haɗarin mota, na sa hotonsa a Facebook domin a yi masa addu'a, sai yayansa ya kira ni yana faɗa, wai ba a riga an gaya wa mahaifiyarsu ba. Niyyata alheri ce.
Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan abokinka. Na yarda da niyyarka, amma yayansa yana da gaskiya. Ba banza ba iyayenmu suke tura dattijo ya je ya zaunar da uwa, ya fara da cewa jikin ya tsananta, ya yi mata nasiha, kafin ya furta cewa lokaci ya yi. Kai kuwa da dannawa ɗaya ka buɗe hanyar da maƙwabciya za ta shigo mata da salati tana riƙe da waya, kuma ko ka goge hoton, wanda ya riga ya kwafa ya tura ba ka da iko da shi. Sanar da rasuwa haƙƙin iyalan mamaci ne, su za su fara, sauran jama'a su bi baya. Ka je gidan da kanka, ka samu yayan nasa a gefe ka ba shi haƙuri ba tare da dogon bayani ba, sannan ka nemi izini ka shiga ka gaida mahaifiyar.