Amsa ga 'yar ƙanwata kan koyon aikin renon yara a Ingila

'Yata, saƙonki ya iso, na mahaifiyarki kuma ya biyo baya tun kafin in amsa na farko. Kin ce wani ejan ya nuna miki tallar wani gidan renon yara a Ingila mai neman masu koyon aiki, ana koya musu ana kuma biyan su, ya ce in kin ba shi kuɗi zai samo miki gurbi da biza, ke kuma kina so in tabbatar miki da maganar tunda aikina ke nan. Ba ke ce ta farko da ta kawo mini wannan tambaya ba, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar inda kowa zai karanta, domin na gaji da maimaita ta a waya ga mutanen da in an faɗa musu gaskiya sai su ce baƙin ciki ake yi musu.

Mai yiwuwa tallar ta gaske ce, domin gidajen reno a nan suna fama da ƙarancin ma'aikata, musamman tun watan Satumba na 2025 da gwamnati ta faɗaɗa tallafin reno na awa 30 a mako ga iyaye masu aiki, tun yaro yana ɗan wata tara har ya isa shiga makaranta. Abin da ejan bai gaya miki ba shi ne ba domin na waje aka buga tallar ba. Babu wata biza da Birtaniya take bayarwa domin koyon sana'a a bakin aiki. Kuɗin horon daga asusun da gwamnati ke kula da shi yake fitowa, ƙa'idarsa kuwa ita ce mai koyo ya kasance yana da izinin aiki, kuma ya riga ya zauna a ƙasar shekara uku kafin ranar farawa, in ban da waɗanda aka ba mafaka da wasu rukunai ƙalilan. Ni kaina da na zo a kan bizar Kawunki, sai da na cika waɗannan shekaru ina wanke tukwane a ɗakin girkin wata makaranta kafin a dubi takardata.

In ya ce miki ai gidan renon ne zai ɗauki nauyinki a kan bizar ƙwararrun ma'aikata, to ki tambaye shi lissafi. Tun 22 ga Yuli 2025 aka ɗaga mafi ƙarancin albashin wannan biza zuwa fam 41,700 a shekara, aka kuma mayar da ita ga ayyukan da ke matakin digiri. Ma'aikaciyar reno da ke kan mafi ƙarancin albashi na shekarar 2025, fam 12.21 a awa, ko ta yi awa 40 kowane mako ba za ta kai fam 26,000 a shekara ba. A wannan ranar ce kuma aka rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, hanyar da 'yan Najeriya da yawa suka bi a baya, wasunsu bayan sun sayar da filaye sun sayi takardun ɗaukar nauyi, suka sauka suka tarar babu aikin. Na san irinsu, na ciyar da wasu a gidana, kuma ba na so in ga jinina a cikinsu.

Akwai kuma wata magana a saƙonki da ta fi ta biza tsaya mini a rai, inda kika ce aikin ba zai yi miki wuya ba tunda ke kika reni ƙannenki. Haka mutanen gida suke ɗaukar abin da nake yi, har akwai wadda ta taɓa tambayata ko ban ji kunya ba da karatuna in tafi Turai wankin kashin 'ya'yan Turawa. Ina canza kunzugu, ba na musu, amma aikin yana tafiya ne a kan kundin doka da ake kira EYFS, wanda ya fara aiki a 2008 kuma ya shafi kowane yaro daga haihuwa zuwa shekara biyar, hukumar Ofsted kuma tana zuwa duba ko ana bin sa. Kundin ya ƙayyade babba ɗaya ga jarirai uku 'yan ƙasa da shekara biyu, babba ɗaya ga yara biyar 'yan shekara biyu, ɗaya ga takwas daga shekara uku zuwa sama. Ma'anar wannan a aikace ita ce ba ki da ikon fita ko zagayawa sai wata ta zo ta tsaya a madadinki. Kowane yaro yana da ma'aikaciyar da aka danƙa wa amanarsa ta musamman, ita za ta san abin da yake ci, da yadda yake barci, da kalmomin da ya fara furtawa, ita za ta rubuta rahoton ci gabansa idan ya cika shekara biyu, ta zauna da iyayensa ta yi musu bayani.

Ki zo ɗakin jarirai da tsakar rana ki gani. Ana yanka 'ya'yan inabi a tsaye gida huɗu saboda kada su shaƙe yaro, ana duba sunan kowa a kan farantinsa domin wannan madara tana tayar masa da ƙuraje, wancan ƙwai na iya kai shi asibiti, idonki kuma ba ya barin bakinsu har su gama. Idan sun yi barci a rigingine za a kwantar da su, a wurinmu kowane minti goma sai an leƙa an tabbatar suna numfashi an kuma rubuta. Wayarki tana kulle a akwati tun safe, dokar da ta tsananta bayan an kama wata ma'aikaciyar reno a Plymouth a 2009 tana ɗaukar munanan hotunan yara da wayarta. Duk ƙujewa, duk ƙaramin kumburi a goshi, sai an cike takarda iyaye sun sa hannu. Kuma kullum sai an fita da yara waje, ko ana yayyafi ko ana sanyin da yatsunki ke ƙagewa kina ƙoƙarin zuge wa yaro rigar ruwa.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne hannu da baki. A Ingila doka ta bar wa iyaye 'yar ƙofa ta horo mai sauƙi, Scotland da Wales kuwa sun rufe ta gaba ɗaya, amma ga ma'aikaciyar reno babu ƙofa ko kaɗan. Ba duka ba, ba jan kunne ba, ba ranƙwashi ba, ko barazanar dukan ma haramun ce. Yaro zai cije ki, zai tofa miki abinci, ke kuma sai ki durƙusa daidai tsayinsa ki yi masa magana a hankali. Wadda ta fizgi hannun yaro da ƙarfi za a dakatar da ita a ranar, a kai maganar ga jami'in ƙaramar hukuma mai bincike a kan ma'aikatan yara, in abin ya yi muni hukumar DBS ta hana ta aiki da yara. Wannan hukumar ce take tantance kowa kafin ya fara, wanda ya zauna a wata ƙasa kuma a nemi ya kawo shaidar 'yan sanda daga can.

Karatun mataki biyu ne. Mataki na 2 yana ɗaukar kusan shekara guda, na 3 kuma wajen wata 18, shi ne wanda ake lissafa mutum da shi a matsayin cikakkiyar ma'aikaciya, kuma sai da shaidar Turanci. Ana ware wasu awoyi a mako domin karatu a cikin lokacin aiki, amma ranar da ma'aikata suka gaza, awoyinki ne na farko da za a cinye, sai ki koma gida ki yi rubutun da dare. A ƙarshe wani mai jarrabawa daga waje zai zo ya zauna a kusurwa yana kallon yadda kike aiki, sannan ya titsiye ki da tambayoyi a kan abin da kika tara. Akwai kuma horon agajin gaggawa na yara na awa 12, wanda ake sabuntawa duk shekara uku. Albashin mai koyo a shekarar farko kuwa, ko da shekarunta arba'in, doka ta yarda a biya ta fam 7.55 a awa bisa ƙimar Afrilun 2025, wato kusan fam 1,300 a wata in tana yin awa 40. Kada ki juya shi zuwa naira ki yi murna, domin a garin da nake hayar ɗaki guda a gidan haɗaka tana cinye wajen rabinsa, kafin kuɗin bas da abinci. Ba don Kawunki yana aiki ba, da ban kai ƙarshe ba.

Akwai abubuwan da ba a rubuta su a talla. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ga azahar ga la'asar ga magariba duk a cikin lokacin aiki, hutunki kuwa rabin awa ne, wurin sallarki kuma lungun da ake ajiye katifun yara. Dogon hijabi ba ya zama a ɗakin jarirai, ɗan kwali mai allura ma haɗari ne. Sanyin farko duk cutar da yara suka kawo sai na ɗauka, daga mura zuwa amai da gudawa, a lokacin kuma kwana ukun farko na rashin lafiya ba a biya. Abin da har yau ban manta ba shi ne wata uwa da ta nemi a canza wa ɗanta ma'aikaciya domin kada ya ɗauki irin Turancina, shugabar wurin kuma ta amince ba tare da ta ko tambaye ni ba, alhali ni ce yaron yake miƙa wa hannu duk safiya. A wurin nan ne kuma wata rana abokiyar aikina ta ga shuɗin tabo a bayan wani jariri ɗan Afirka, ta fara cike takardar zargin duka. Na ce mata tabon haihuwa ne da yawancin 'ya'yanmu suke zuwa da shi, a duba littafin lafiyarsa kafin a tayar wa iyayensa hankali. Aka duba, ungozoma ta riga ta rubuta shi tun ranar haihuwa. Babu wanda ya ce mini sannu, amma yau ni ce shugabar ɗakin jarirai a wani gidan renon, ni nake horar da masu koyo, kuma iyaye da sunana suke neman gurbi.

Hanyar karatun jami'a tana nan, amma ki sani ɗalibin waje yana biyan kuɗin makaranta mai tsanani, da harajin lafiya fam 776 a shekara, aikinsa bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, bizar ɗalibi ba ta ba shi damar shiga wannan horo na gwamnati, izinin zaman shekara biyu bayan kammalawa ma an sanar da rage shi zuwa wata 18. Mahaifinki ba shi da wannan ƙarfin, ni ma ba ni da shi, kuma ba zan ci bashi a kansa ba.

In da gaske aikin yara kike so, kwalejojin ilimi na gida suna ba da NCE a fannin ilimin ƙananan yara, ki nema ki yi, ki kuma nemi aiki a wata makarantar nazare ko da albashin kaɗan ne, ki gwada kanki da yara ashirin waɗanda ba ƙannenki ba. Kuɗin rajistar farko a wuyana, zan kuma turo miki littattafan da na yi karatu da su. Ejan kuwa kada ki ba shi ko sisi, in ya riga ya karɓi fasfonki ki sa yayanki ya je ya karɓo shi a cikin makon nan. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce mata zan kira ta ranar Lahadi.